Daddawar da Na Rufe a Unguwar 'Yan Caina

Yanzu idan na zauna a ƙofar ɗakin nan da muke haya a Ƙanƙara, daidai lokacin da mata ke ɗora miya, sai in yi ta buɗe hanci ina jiran ƙamshin daddawa, amma shiru. Hayaƙi yana tashi, albasa tana soyuwa, sai ka ji an ɓare 'yar takarda an jefa dunƙulen kanti a tukunya, an gama ke nan. Ba na ganin laifin kowa. Ɗorawa ba ta tsiro a tsakiyar gari, dajin da take kuwa yanzu ya fi ƙarfin mace da ƙugiya. Ni da na buɗi ido a gidan da baƙo ke ganewa da hanci tun daga bakin rafi, abin yana yi mini ciwo, ba zan ɓoye ba. Sai dai duk sa'ad da ciwon ya taso, akwai abin da nake tunawa in yi ta dariya ni kaɗai, har jikoki su ɗauka tsufa ne ya fara taɓa ni. Ranar da daddawata ta kusa raba autana da aikinsa a Legas ke nan, aikin da mu duka gidan nan muke ci daga gare shi.

Ƙauyenmu yana can gefen 'Yargoje, kuma a lokacin da muke yara kowace ɗorawa da mai ita. Ana gadonta kamar yadda ake gadon gona, har sunaye suke da shi, akwai ta bakin rafi, akwai mai rassa biyu, akwai wata da muke ce wa marowaciya don sai ta ga dama take 'ya'ya. Da rani ya tsaya sai su fitar da tutu, furen nan ja mai dunƙule da ke reto a jikin dogon sili, mu yara mu yi ta tsalle muna tsinkowa muna tsotsar zaƙinsa, zuma na bin mu. Idan ta nuna da bazara, mata su fita da ƙugiya tun rana ba ta yi zafi ba, ka ji ƙaf, ƙaf, ana karyo ta tana zubowa, mu kuma muna tsinta muna cika kwando. A 'yan makonnin nan ba ka ganin yaro a garin sai da baki rawaya saboda garin ɗorawa. Ba a zubar da komai nata. Garin a sha, ɓawon a jiƙa a yi makuba a daɓe ɗaki, ƙwayar kuwa, wato kalwa, ita ce dukiyar, ita kakata take jira shekara guda.

Kakata ta wajen uba ita ce mai daddawar garin, ni kuma ni ce mai ɗauko mata ruwa da iza wuta. Aikin ba na raggo ba ne. A dafa kalwa a ƙatuwar tukunya wuni cur har ta yi laushi, a zuba a turmi da ɗan toka a surfa ɓawon ya fita, a kai rafi a wanke, a sake dafawa, sannan a tsane ta a zuba a masaki da zafinta, a lulluɓe da ganye da tsumma da buhu, a tura lungun da ya fi ɗumi a ɗaka. Daga nan sai haƙuri. Ni kuwa ba ni da shi, kullum hannuna na kan buhun ina son in ɗaga in gani. Sai in ji ta daga tsakar gida, ko waiwayowa ba ta yi ba: “Ke, mi kike nema nan? Ba ta son mai leƙe. In ta shirya ita za ta kira ki.” Kuma gaskiya ne, tana kira. Wata safiya za ka farka ka ji ɗakin ya cika, sai a buɗe a ga ta yi duhu tana yauƙi, a shanya, a daka, a mulmula a lallatsa. Shekarar da ƙafafun kaka suka hana ta tashi, ni na yi aikin tun daga tukunya har rufi. Da safiyar ta zo, tana kwance ta ja numfashi sau ɗaya, ta ce, “Ta yi. Gobe ke za ki kai kasuwa.” Ban taɓa samun yabon da ya kai wannan ba, har wanda aka yi mini ranar aure.

Haka na rayu da ita har na yi furfura. Da kuɗin daddawa na yi wa 'ya'yana mata kayan ɗaki, da ita na riƙe gida bayan rasuwar malam. Sai lamarin daji ya lalace. Ba zan tsaya ba da labarin ba, wanda ya sani ya sani. Gona ta daina nomuwa, itace ya daina ɗebuwa, wata rana muka ɗaure abin da za mu iya ɗauka muka hau babura muka shigo gari. A cikin abin da na ɗauko har da ƙullin kalwar da na tara daga ɗorawar bakin rafi a shekarar ƙarshe, na kasa dafa ta, na kuma kasa sayarwa. Autana da ya ga zaman ba zai yiwu ba, sai ya bi wani ɗan garinmu zuwa Legas. Ya fara da dako, Allah ya taimake shi wani ɗan Caina mai sayar da yadi ya yarda da amanarsa, ya ba shi riƙon sito da ɗakin kwana a bayan gidan. Tun daga lokacin, hatsin da muke ci, hayar ɗakin nan, maganin yayarsa da marayun wansa, duk daga wannan sito suke fitowa.

Da matarsa ta haihu, uwarta ta riga mu gidan gaskiya, sai ya aiko in je in yi mata wankan jego. Na sa ƙullin kalwar a ƙasan jaka ban san dalili ba. Ina tsammanin zan ga gida ɗaya ko biyu na baƙi a tsakiyar Yarbawa, ashe gari guda ne a cikin gari. Ƙofar shiga unguwar ja ce wur, rufinta ya lanƙwashe sama a gefe da gefe, an rataye wasu fitilu jajaye masu dunƙule, da na ɗaga kai sai na gan su tamkar tutun ɗorawa. Rubutunsu a ko'ina, kamar inda kaji suka yi tono. Shaguna jere babu iyaka: masu yadi layinsu daban, masu takalma daban, masu waya, masu injin ban-ruwa, masu kwanuka da tangaran. Suna da wanzaminsu, da wuraren cin abincinsu inda ake ɗaukar shinkafa da tsinke biyu ba ta zuba, da mai maganinsu wanda shagonsa ke cike da saiwoyi da sassaƙe, in ba don fuskarsa ba sai ka ce ɗan uwan masu magani na kasuwarmu ne. Da sassafe tsofaffinsu su fito fili su yi ta ɗaga hannu da ƙafa a hankali kamar masu tafiya cikin ruwa. Da yamma maza su kewaye tebur suna buga wasu 'yan duwatsu ƙwas-ƙwas, suna gardama irin ta masu dara. Kowa da gorar ruwan zafinsa a hannu, ga rana kamar ta narka mutum. Auta ya ce yawancinsu 'yan gari ɗaya ne, wanda ya riga zuwa shi ke jawo ƙane da ɗan maƙwabci, kamar dai yadda namu suke yi. Namu ɗin ma ga su nan, masu dako da masu gadi da masu shayi, sun kafa 'yar rumfar kwano a jikin katanga suna salla, ba mai hana su.

Sau ɗaya unguwar ta ba ni tsoro. Muna zaune da hantsi sai na ji tatatata ta ko'ina, ban san lokacin da na suri jaririn na shige bayan ƙofa ina salati ba. Matar Auta ta yi ta dariya har da hawaye, wai bikin shekararsu ne, abin wasan wuta suke fasawa. Na yi dariyar ni ma, amma ban yarda na leƙa waje ba sai la'asar.

Tun ranar da na sauka Auta ya zaunar da ni, ya dafa bangon ɗakin.

“Inna, abu guda nike roƙonki don Allah. Bayan bangon ga sito ne, yadi ne cike har rufi, ga kuma 'yar taga can sama. Wanda na gada kifi busasshe ya riƙa ajewa nan, warin ya kama yadi, rana ɗaya aka sallame shi. Duk abin da ke da wari a yi nesa da shi.”

“To na ji,” na ce. “Ni da na haife ka za ka koya ma tsabta?”

Na kuwa kiyaye. Ko albasa zan yanka sai na fita waje. Sai dai ya ce abu mai wari, ni kuwa tunda nake ban taɓa sa daddawa a layin masu wari ba, ko a mafarki.

Da aka yi arba'in, aikina ya ƙare. Ga ƙatuwar tukunyar wanka a kife, ga ragowar gawayi, ga ni zaune hannu biyu babu abin yi, miya kullum salam. A saman benen gidan akwai wata tsohuwa, uwar maigidan Auta, farin gashi a datse, kullum tana bakin taga tana kallon ƙasa, ba ta saukowa, ba ta magana da kowa. Na ɗauka girman kai ne, har nakan ce a raina, ji ta can kamar mai gadin gona. Wata safiya da Auta ya fita, na kwance ƙullin nan na ɗora tukunya a bayan ɗaki.

“Inna, anya kuwa?” in ji matar Auta.

“Ke dai ki ji da ɗanki. Kwana nawa rabon mijinki da miyar kirki? Kin ga yadda ya rame?”

Yarinya ce mai kunya, ta koma wurin ɗanta. Turmi babu, da hannu na murje ɓawon a cikin roba har tafina ya yi ja. Na tsane, na lulluɓe da tsohon zane da buhu, na nemi lungun da ya fi ɗumi a ɗakin na tura. Lungun kuwa ƙarƙashin gado ne, jikin bangon sito, daidai saitin 'yar tagar nan. Abin da ban sani ba, zafin Legas da laimarta ba irin namu ba ne. Tun kafin lokacin da na saba jira ta kira, kuma ba ni kaɗai ta kira ba.

Da hantsi muna zaune sai muka ji ƙwas, ƙwas, sanda na saukowa daga bene. Tsohuwar nan ce, da wando da silifa, hanci a sama tana shinshina kamar mai neman inda wuta ta kama. Ba sallama, ba komai, ta shigo ɗakin tana wata magana da ƙarfi, ta nuna ƙarƙashin gado da sanda. Matar Auta ta ɗora hannu a ka. “Inna lillahi! Inna, kin kashe mu.” Ta ɗauki waya tana kiran mijinta. Sai a lokacin maganar kifin nan ta dawo mini. Na tuna yayarsa da ke kwance, na tuna marayu, na ga mu duka a titi saboda marmarin miya na tsohuwa guda. Ban taɓa jin na tsani hannuna ba sai ranar.

Na durƙusa na jawo robar, don ɓoyo ya ƙare. Tsohuwar ta tsuguna da ƙyar, ta ɗaga buhun da kanta, ta sa yatsa ta ɗago, yauƙin ya biyo ta. Ta kai hanci ta rufe ido, ta daɗe a haka. Sannan ta miƙe ta leƙa waje ta ƙwala wa ɗanta kira. Na ce shi ke nan, ƙara ta kai.

Auta ya iso a guje, gumi sharkaf, maigidansa na biye. Mutumin bai ko dube mu ba, ya zagaya ya buɗe sito, ya shiga ya yi ta shinshina yadi, ya fito fuska a murtuke yana faɗa. Layin yadin da ke jikin bango ya fara kama warin. Auta bai yi musu ba, bai kuma ce laifina ne ba. Ya durƙusa a gaban mutumin, ya ciro makullan sito daga aljihu ya miƙa da hannu biyu. Wannan hannu biyun ba zan manta da su ba har in koma ga Allah.

Kafin maigidan ya karɓa, tsohuwar ta kai masa duka a hannu da bayan yatsu, irin wanda ake yi wa yaron da ya miƙa hannu cikin tukunya. Ta rufe shi da faɗa, tana nuna ni, tana nuna robar, tana nuna sama. Ga mutum da furfura a gefen kai, mai ma'aikata da motoci, ya tsaya yana sosa ƙeya. Ban ji ko kalma ɗaya ba, amma na gane komai, don uwa ba ta da yare biyu idan tana wa ɗa faɗa. Can sai ya juya ya yi wa Auta magana da Turancinsu na kasuwa, ya tura hannun Auta da makullan baya.

“Mi ya ce?” na tambaya.

Auta ya miƙe. “Ya ce in kira yara a fitar da layin bangon a shanya ya sha iska. Ya ce kada a sake yin abin ga a ɗakin nan har abada.” Ya mayar da makullan aljihu. “Ya ce in za ki yi, ki hau sama wurin tsohuwarshi. Wai tana son ki biyo ta yanzu.”

Ta kama hannuna, tafinta da kaushi irin nawa, muka yi ta hawa muna hutawa, ita da sanda, ni da gwiwa. A saman rufin benen ta mayar da wurin gona. Bokitai da yankakkun jarkoki cike da ƙasa, ganyaye iri-iri da barkono da tafarnuwa, can gefe cikin inuwa ga tulunan ƙasa a jere, an ɗaure bakinsu da ƙyalle an danne da dutse. Ta buɗe guda, sai ga abin ya daki hancina. Ba daddawa ba ce, amma 'yar uwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya. Wake ne baƙi ƙirin, ya ruɓa ya kwanta. Ta ɗebo ta miƙo mini.

“Tambaye su tukuna,” na ce wa Auta da ya biyo mu, “ba alade ciki?”

Ya tambayi maigidan da shi ma ya hawo, mutumin ya ce wake ne da gishiri da citta, ba komai. Na yi bisimilla na sa a baki. Gishirin ya kai mini har ƙwaƙwalwa, na yamutsa fuska na girgiza kai. Ita ma ta ɗanɗani tawa da ta riƙo a yatsa, ta taɓe baki, ta yi alamar barbaɗa gishiri. Muka dubi juna, kowace tana ganin ɗayar ba ta iya ba, sai dariya ta ƙwace mana, muka yi ta yi har ta dafa kafaɗata don kada ta faɗi.

Daga saman nan ana ganin unguwar duka, jajayen rufi, da layin shaguna, da masu dako kamar tururuwa, da rumfar sallar 'yan uwanmu. Ta nuna gabas da sanda, can nesa, ta faɗi wani suna a hankali. Ni ma na nuna arewa na faɗi sunan ƙauyenmu. Maigidan ya gaya wa Auta cewa ƙauyensu ba sauran kowa sai gidaje a kulle, matasa duk sun watse neman abinci, shi ya sa ya ɗauko ta, kuma tunda ta zo ba ta taɓa taka ƙasa da ƙafarta ba sai yau. Na ji kunyar abin da na riƙa faɗa a raina game da ita. Da ina ganin mu kaɗai aka raba da gida, ashe unguwar nan mai fitilu da motoci duk mutane ne da suka baro wani rafi a baya.

A saman nan na shanya daddawar, tare muka mulmule ta, nata dunƙulen duk a karkace. Na ba ta rabi, ta cika mini kwalba da nata waken. Da yamma na tuƙa tuwo na kaɗa miyar kuka da hannuna. Auta ya dawo daga shanyar yadi a gajiye, ya zauna. Ya ci, ya ƙara, ya suɗe kwanon tas, sannan ya ɗago.

“Inna, miya ta yi daɗi. Amma don girman Allah, in za ki sake irin wanga, ki gaya mani tukuna in tanadi wata zuciyar.”

Na so in ba shi amsa irin wadda na saba, sai kawai na juya ina gyara wa jariri zane.

Washegari bayan salla ina zaune kan buzu ina jan carbi, na ji ya sa takalmi, ya yi wa matarsa sallama. Da ya ɗaga ƙafa zai tsallake dokin ƙofa, makullan sito suka yi ƙara a aljihunsa. Na tsayar da carbin ina sauraron su, cas, cas, cas, har ya sha kwana, sannan na kifa goshina a ƙasa.